Saƙon da ya goge kansa ya tafi min da dubu ɗari huɗu

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman wanda ya san kan waya ya taimaka min, don tun jiya ban runtsa ba. Akwai wani abokin cinikina da muka shekara uku muna hulɗa, yana sarin atamfa a wurina yana kaiwa garinsu. Mako uku da suka wuce ya turo min saƙon murya a WhatsApp, ya ce in haɗa masa turmi 200. Na ba shi farashi, turmi naira 18,500, ya ce Allah ya sa albarka. Ya turo miliyan 2, muka yi da shi in kaya sun sauka zai cika. Na sa yara suka ɗaure, aka kai tasha, kaya suka isa lafiya. Jiya sai ga alat na miliyan 1 da dubu 300. Na kira shi na ce saura dubu 400. Buɗar bakinsa sai ya ce ai 16,500 muka yi. Ban ja da shi ba, na ce bari in turo maka muryarka ka ji da kunnenka. Ina buɗe hirarmu na tarar wayam. Duk maganar cinikin babu ita, sai wani ɗan rubutu a sama wai ya kunna saƙonni masu ɓacewa, kwana 7. Wallahi ban san lokacin da ya yi ba. Akwai hanyar dawo da su?

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, kada ka goge WhatsApp ɗin ka sake saukewa da sunan za su dawo, ba za su dawo ba. Ko da suna cikin ajiyar Google Drive ɗinka, da zarar ka maido da ajiyar, saƙon da wa'adinsa ya cika gogewa zai yi. Tambaya biyu: ka taɓa tura wa wani wannan muryar tasa? Sannan akwai inda ka latsa saƙonsa ka ba shi amsa a kansa?

Ɗan Kwari:
Turawa dai ban tuna ba. Amsa kuwa ni murya nake yi, ba na latsa komai.

Mai Gyaran Waya:
To gaskiya Alhaji, a wayarka dai sun tafi. Kuma tun yanzu in gargaɗe ka, kafin dare wani zai biyo ka ta bayan fage ya ce yana da manhajar da ke tono gogaggen saƙo, ka turo dubu goma. Kada ka ba shi ko sisi. Shekarata tara ina wannan sana'a a Fam Santa, ban taɓa ganin mai tebur ya tono saƙon da agogon ɓacewa na WhatsApp ya cinye ba.

Sarkin Yawa:
Ni abin da na kasa ganewa, me ya sa ma aka ƙirƙiro wannan abu? Mai gaskiya me zai sa ya so maganarsa ta ɓace? Duk wanda na ga ɗan agogon nan a jikin hotonsa, a take nake sa masa ayar tambaya. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. 'Yan damfara, mazinata da 'yan siyasa, su aka yi wa shi.

Maman Biyu:
Haba Yaya Sarkin Yawa, wannan kuɗin goro ka yi mana. Ni nan agogona a kunne yake a kusan duk hirata da 'yan uwana mata, kuma ba na cikin ukun da ka lissafa. Bara aka fizge min waya a cikin adaidaita sahu wajen Ƙofar Nasarawa, a buɗe take a hannuna ina duba saƙo. A cikinta akwai hirar shekara huɗu da ƙanwata, har da lokacin da aurenta ya shiga tangal-tangal, abin da ko mahaifiyarmu ba ta sani ba. Akwai hotunan takardun asibitina. Ban yi kukan wayar ba kamar yadda na yi kukan abin da ke cikinta. Wata guda cur duk baƙuwar lambar da ta kira ni sai gabana ya faɗi. Da a ce agogon kwana 7 na kunne, abin da ɓarawon zai samu bai wuce hirar mako ɗaya ba. Ban da ɓarawo ma, wace uwa ce a zauren nan 'ya'yanta ba sa ɗaukar wayarta su yi wasa? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to ita waya ba ta da cikin.

Sarkin Yawa:
Hajiya ban ce ke ba. Amma ga Alhaji nan an cuce shi da abin.

Maman Biyu:
An cuce shi, ban musa ba. Amma da wuƙa ake yanka albasa, da ita ake yanka mutum.

Mai Gyaran Waya:
Zan faɗi abin da abokan sana'ata ba za su so ba. Hajiya na da gaskiya, kuma ba ɓarawo kaɗai ba. Mutum zai kawo waya a canja masa gilashi, a ce ya bar lambar buɗewa don a gwada, ya tafi sallah ya dawo. Mafi yawanmu na tsoron Allah, amma na taɓa korar yaro daga teburina saboda na kama shi yana leƙa hotunan wata baiwar Allah. Shi ya sa ni da kaina nake ce wa mata su tsaya a yi gyaran a gabansu. Abin da saƙo mai ɓacewa ke yi maka shi ne rage tarin da ke cikin wayar, ta yadda ranar da ta faɗa hannun da ba naka ba, abin da za a tarar kaɗan ne. Iyakar aikinsa ke nan. Wanda ka tura wa saƙon kuwa, ba ya kare ka daga gare shi ko kaɗan.

Kuma a lura, ba daga farko WhatsApp ya zo da shi ba. A Nuwamban 2020 suka fito da shi, kwana 7 kawai. A ƙarshen 2021 suka ƙara awa 24 da kwana 90, suka kuma ba mutum damar ya saita ta yadda duk sabuwar hirar da ya fara da agogon za ta zo. A hirar mutum biyu kowannenku na iya kunnawa ba tare da neman izinin ɗayan ba, sanarwa kawai za ta fito a tsakiyar hirar. Ita ce Alhaji bai lura da ita ba.

Ɗan Kwari:
Ina zan lura, ƙanina? Saƙo ɗari biyu ke shigo min a wuni. Rubutun ma ɗan firit, kuma da Turanci.

Ɗan Auta:
Ni dariya ma kuke ba ni da maganar ɓacewa. Rabin abokaina GB WhatsApp suke amfani da shi. Ka turo hoton gani-sau-ɗaya, su buɗe shi sau goma, su adana a cikin hotunansu. Ka goge saƙo ka ce ka goge wa kowa, a wajenka ya tafi, a wajensu yana nan daram, har da alamar cewa ka yi yunƙurin gogewa. Mu a hostel idan mutum ya goge saƙo a guruf, shi ne ma ake rububin karantawa.

Maman Biyu:
Innalillahi. Ɗan Auta da gaske kake? Har gani-sau-ɗayan? Ai ni na ɗauka ko sikirinshot ba ya yiwuwa.

Ɗan Auta:
Wallahi Anti da gaske nake. A WhatsApp na asali ne ba ya yiwuwa.

Mai Gyaran Waya:
Yaron nan bai yi ƙarya ba. Ku gane yadda abin ke aiki. Idan ka tura hoton gani-sau-ɗaya, hoton gaba ɗayansa ke sauka a wayar wancan, tare da umarnin cewa a nuna sau ɗaya a goge. Manhajar asali tana bin umarnin. Ita kuwa ta jabu, irin su GB da makamantansu, an cire mata wannan biyayyar. Kamar ka aika yaro da wasiƙa ka ce a karanta a ƙona, to ƙonawar tana hannun wanda ya karɓa. A 2021 aka kawo gani-sau-ɗaya na hoto da bidiyo, sai a 2022 suka toshe sikirinshot, a ƙarshen 2023 suka ƙara na murya. A 2024 kuma wani mai binciken tsaron intanet ya nuna cewa ta WhatsApp na kwamfuta ma ana iya kewaye shi, sai da kamfanin ya koma ya yi gyara. Kuma a bar duk wannan, wa zai hana mutum ya ɗauko waya ta biyu ya ɗauki hoton fuskar ta farko? Babu injiniyan da ya isa ya toshe wannan.

Amma kai ma Ɗan Auta kada ka yi murna. Wannan GB ɗin ba ka san wanda ya haɗa shi ba, ba a Play Store ka samo shi ba, kuma ka ba shi izinin shiga lambobinka da hotunanka da makirfo. Kana leƙen asirin wasu, ba ka san mai leƙen naka ba. Ga shi WhatsApp na rufe layukan masu amfani da shi. A mako sai in samu mutum biyu uku da suka zo da kukan an rufe musu.

Ɗan Auta:
Ni ai na ce abokaina, Oga. Ban ce ni ba.

Tsohon Ma'aikaci:
Wannan magana ta tuna min da Snapchat, don su suka fara yayata wannan salo tun 2011: tura hoto, bayan daƙiƙa kaɗan ya ɓace. A 2014 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta tuhume su da yaudarar jama'a, saboda ta gano akwai wasu manhajoji na gefe da ke adana hotunan, kuma bidiyon da aka ce ya ɓace ana iya ciro shi idan aka haɗa wayar da kwamfuta. Suka sasanta bisa sharaɗin za a riƙa sa musu ido tsawon shekara 20. A cikin shekarar dai aka fasa rumbun ɗaya daga cikin irin waɗancan shafuka na gefe, dubban hotunan mutane suka bazu a intanet, da yawansu na yara matasa. Duk waɗanda suka tura sun tura ne da yaƙinin abin ya ɓace.

Mai Rediyo:
Ku da kuke maganar 'yan kasuwa da 'yan makaranta, manyan duniya ma abin ya ci su. A Maris na 2025 mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaro, Mike Waltz, ya buɗe guruf a manhajar saƙo ta Signal don tattauna harin da za su kai wa 'yan Huthi a Yaman. Mataimakin shugaban ƙasa na ciki, sakataren tsaro Pete Hegseth na ciki. An saita saƙonnin su ɓace, da fari mako ɗaya, daga baya mako huɗu. Signal kuwa ita ce masana ke cewa ta fi kowace tsaro. Sai ga shi bisa kuskure an jefa editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, cikin guruf ɗin. Yana zaune yana karanta lokacin tashin jiragen yaƙi, kimanin awa biyu kafin bam na farko ya sauka ranar 15 ga wata. Ya ɗauki sikirinshot abinsa, daga baya mujallar ta wallafa. Har wani alƙali ya ba da umarnin a adana saƙonnin, domin dokar ƙasarsu ta wajabta ajiye bayanan aikin gwamnati. Ba a fasa Signal ba, ba a yi kutse ba. Yatsa ne ya latsa sunan da bai kamata ba.

Sarkin Yawa:
To kun ji. Na ce 'yan siyasa, aka ce na yi kuɗin goro. Me zai sa jami'in gwamnati ya sa wa maganar aiki agogo in ba gudun bincike ba?

Maman Biyu:
A nan kam ina bayanka. Wanda ke riƙe da amanar jama'a daban, ni da ƙanwata daban.

Lauyan Zaure:
Na shigo a makare, na karanta daga sama. Alhaji, bari in koma kan matsalarka don na ga an yi nisa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince a gabatar da abin da ya fito daga kwamfuta ko waya a gaban kotu, saƙon WhatsApp da na murya duk sun shiga, muddin an cika sharuɗɗa, ciki har da takardar da ke bayanin na'urar da aka ciro shi da yadda aka ciro. Amma kotu ba ta karɓar abin da babu shi. Kada kuma ka sa rai za a rubuta wa kamfanin ya turo, don tun 2016 saƙonnin a kulle suke daga waya zuwa waya, su kansu ba sa ajiye abin da aka riga aka isar.

Abin da ke hannunka yanzu: alat biyu na banki, takardar tasha, littafin shago in kana rubutawa, da shaidar yaran da suka ɗaure kaya. Waɗannan za su tabbatar an yi ciniki kuma kaya sun tafi. Farashi ne ba za su tabbatar ba, shi ne kuma abin rigimar. Sai dai in kana da rasit na wasu da ka sayar wa irin wannan atamfar a makon a kan 18,500, wannan zai ƙarfafa maganarka. Ita ma sanarwar kunna agogon ka ɗauki hotonta yau ɗin nan, da ranar da ke jikinta. In ta nuna ana gobe ciniki ya kunna, ba hujja ce yankakkiya ba, amma mai sulhu zai yi mata kallo na biyu.

Kan maganar Sarkin Yawa kuma, ba gwamnati kaɗai ba. A Satumban 2022 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci tarar manyan kamfanonin kuɗi 16 sama da dala biliyan 1.1, laifinsu ma'aikata na maganar aiki ta wayoyinsu na kansu, inda kamfani ba ya iya adanawa. Su a wurinsu maganar kuɗi da ba ta bar sawu ba laifi ce da kanta, ko ba a ci kuɗin kowa ba.

Ɗan Kwari:
Barista na gode. Na duba, ranar Lahadi ya kunna, Litinin ya turo maganar kaya. Littafi ina rubutawa, amma adadin turmi da abin da aka biya kawai nake sawa. Mutumin da ya ci abinci a gidana, ɗansa ya kwana a ɗakin 'ya'yana, ina zan ce masa sa hannu?

Malamin Islamiyya:
Alhaji, Allah ya warware. Amma wannan kalma taka ta ƙarshe ita ce ciwonmu duka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, da kafa shaidu, kuma ta ce kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Ba a ce sai wanda ba ka yarda da shi ba. Sahabbai aka fara faɗa wa, su da suka fi mu amana. Mu kuma mun mayar da neman rubutu kamar zargi. In kuka je gaban alƙali, ƙa'idar sananniya ce: hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa. Kai ne mai da'awar dubu 400. In ba ka da hujja, shi za a ba Alƙur'ani, in ya rantse magana ta ƙare a nan duniya.

Su kuma masu adana abin da aka turo musu don su gani sau ɗaya, su sani wanda ya turo ya riga ya bayyana nufinsa. Ya zo a hadisi cewa idan mutum ya yi maka magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Waiwayen nan na zamaninmu shi ne wannan ɗan agogon. Manhaja ta ba ka iko ba ya nufin shari'a ta ba ka.

Ɗan Auta:
Malam, to idan wanda ya turo ɗin barazana ya yi min ko zagi, sai in bar shi ya ɓace?

Malamin Islamiyya:
A'a ɗana, wannan daban. Riƙe hujja a kan azzalumi don kai ƙara ba cin amana ba ne. Ina magana ne kan wanda ya amince da kai.

Lauyan Zaure:
Kuma ɗauki da wuri. Masu barazana da gangan suke amfani da awa 24 ko gani-sau-ɗaya. Sa waya ta biyu ka ɗauka, lambar mutumin da lokaci su fito a hoton.

'Yar Zinder:
Sannunku da muhawara. Ni tambayata daban ce. Yayana yana Agadas, wani lokaci yakan buƙaci in turo masa lambar sirrin asusunmu na gida. Wani ya ce in daina turawa a WhatsApp, akwai shafin da ake rubuta saƙo ya ba ka adireshi, in an buɗe sau ɗaya ya ƙone. Privnote ko me? Yana da aminci?

Mai Gyaran Waya:
Akwai shi Hajiya, ya daɗe, tun wajen 2008. Kina rubutawa, ya ba ki adireshi, ki tura wa mutum, yana buɗewa saƙon ya goge daga rumbunsu. Amfaninsa ɗaya mai kyau: in yayanki ya buɗe ya tarar an ce an riga an karanta, kun san wani ya riga shi, sai ku canja lambar nan take. Amma akwai rami. A 2020 ɗan jaridar nan mai bin diddigin 'yan damfarar intanet, Brian Krebs, ya fallasa wani shafin bogi da ya ƙara harafin s kawai a ƙarshen sunan. Kamarsu ɗaya sak. Idan ka rubuta lambar asusun Bitcoin a ciki, sai ya musanya ta da ta ɓarayin kafin ta isa ga wanda ka tura wa, kuɗi su tafi can. Kuma da yake saƙon na ƙonewa, kai mai turawa ba ka da yadda za ka koma ka duba abin da ya isa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ni shawarata, kira shi a WhatsApp ɗin ki faɗa masa da baki. In dole sai an rubuta, raba lambar biyu, rabi a kira rabi a saƙo.

Tsohon Ma'aikaci:
Haka Gmail ma suna da nasu tun 2018, wanda ake sa wa wasiƙa ranar mutuwa, a hana turawa da kwafa da bugawa. Amma su Google suna iya ganin abin da ke ciki, kuma ba ya hana sikirinshot. Telegram kuma mutane na ɗauka duk a kulle yake, alhali sai ka buɗe hirar sirri ta musamman, guruf-guruf ɗinsu ba su da wannan kullin.

Maman Biyu:
Tun da Ɗan Auta ya yi maganar nan jikina ya yi sanyi, don akwai abin da ya faru a unguwarmu da sai yanzu na gane yadda aka yi. Wata yarinya ce, an kusa sa mata rana. Saurayin ya dame ta sai ta turo hoto ba ɗankwali, ya ce ai gani-sau-ɗaya ne, ko shi ba zai sake gani ba. Ba wani hoton tsiraici ba ne, amma kun san garinmu. Da magana ta lalace tsakanin iyaye, sai ga hoton a wayar ƙanwarsa, daga nan ya zaga dangi. Yarinyar nan ta rantse ta maya cewa sau ɗaya ta tura, aka ƙaryata ta, har uwarta ta ce ƙarya take, ai irin wannan ba ya ajiyuwa. Ashe gaskiya ta faɗa. Yau zan je gidan in gaya wa uwar.

Sarkin Yawa:
Kin ga abin da nake faɗa ke nan, Hajiya. Da babu wannan gani-sau-ɗayan, da ba ta tura ba sam. Shi ya ba ta ƙwarin gwiwa. Abin da ke sa mai hankali ya saki jiki ya yi abin da da can ba zai yi ba, ina amfaninsa?

Maman Biyu:
Wannan kam ban da amsarsa. Amma agogona na kwana 7 da ƙanwata ba zan kashe ba. Ita na yarda da ita, wayar ce ban yarda da ita ba.

Mai Rediyo:
Ba 'yan mata kaɗai ba, maza ma su yi hattara. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 daga Najeriya, na masu yaudarar mutane su turo hoton tsiraici sannan su nemi kuɗi. Akasarin waɗanda suka hara maza ne manya a Amurka. Da hoton mace ake zuwa musu.

Shugaban Zaure:
Jama'a a taƙaita, kuma don Allah kada wanda ya ambaci sunan unguwa ko na yarinyar. Wanda ya turo tallan manhajar dawo da saƙo na cire shi daga zaure. Alhaji, ina aka kwana?

Ɗan Kwari:
Yallabai yanzu na dawo daga sito. Tambayar da Mai Gyara ya yi min da safe ce ta tsaya min a rai. Ashe ranar na tura wa yaron sito muryar mutumin don ya san kalolin da zai ware. Na karɓi wayarsa, ga ta nan tana nan, ba ta goge ba.

Mai Gyaran Waya:
Alhamdu lillahi! Haka ne, in ka tura saƙo zuwa hirar da ba ta da agogo, can ba ya ɓacewa. Kada yaron ya taɓa komai. Me ya ce a ciki?

Ɗan Kwari:
Na saurara sau biyar. Ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya lissafa kaloli, ya ce turmi 200. Sai ya ce, "a kan yadda ka faɗa ɗin nan, Allah ya sa albarka." Bai ambaci lamba ba. Lambar a tawa muryar take, ita kuwa ban tura wa kowa ba.

Lauyan Zaure:
Kash. Duk da haka riƙe ta. Ta nuna kai ka yanka farashi shi kuma ya amsa, bai taya ba. In ka haɗa da rasit na sauran masu sari na wannan makon, kana da abin faɗa. Ni dai da za ka ji tawa, fara da shugabannin layinku kafin kotu, dubu 400 ba ta kai a yi shekara ana zarya ba. Nan gaba kuma in saƙo mai muhimmanci ya shigo hirar da ke da agogo, danna shi ka riƙe, akwai alamar adanawa da suka ƙara a 2023. Sai dai za a sanar da mai saƙon, kuma yana da ikon ya ƙi.

Ɗan Kwari:
Rasit akwai guda huɗu, babu na ƙasa da 18,500, ɗaya ma 19,000. Ɗana ya nuna min inda ake kashe agogon, na kashe, na rubuta masa da Hausa ɓaro-ɓaro cewa saura dubu 400 kuma gobe bayan azahar ina son mu haɗu gaban shugaban layi ko ya wakilto wani. Ya karanta, shuɗin layi biyu sun fito. Bai ce komai ba. Bayan minti goma sai ga sanarwa, ya sake kunnawa. Wannan karon awa 24 ya sa.

Ɗan Auta:
Baba ka yi sikirinshot?

Ɗan Kwari:
Na yi, har uku. Na tura wa yaron sito ɗaya.